Kayan da Suka Tsufa a Gidana

Duk wanda ya shiga layin masu kayan sassaƙa ya ga akushi baƙi wuluk, bakinsa ya sulɓe kamar an yi shekara ɗari ana ci a ciki, to ya tambayi inda tsufan ya fito kafin ya sa hannu a aljihu. Wani tsufan na hayaƙi ne da ƙasa. Wani kuwa na mutum ne. Abin da zan faɗa ba shi da daɗi, kuma ba zai ƙare da daɗi ba.

Na sha ba da labarin nan in ce wani maƙwabcina ne abin ya sama. Ƙarya nake yi. Ni ne.

Rumfata ita ce ta huɗu in ka shigo ta wajen masu tabarmi. Ina sayar da akushi, ludayi, muciya, faifai, mataji na itace, kujera 'yar tsuguno da ƙwarya mai zane. Kaya ne masu kyau, sababbi daga hannun masassaƙi. Matan gari sukan zo su ɗauki ludayi ɗaya, su yi ta jujjuya shi, mu yi ciniki har maƙogwaro ya bushe. Da wannan nake ciyar da gidana: mahaifiyata da muke kira Inna, matata, da ƙaramar 'yarmu Auta, mai shekara takwas a lokacin. Yayyenta biyu suna wani gari suna koyon sana'a, abin da ya tserar da su ke nan.

Ba mu rasa abinci ba ko rana ɗaya. Ina so a riƙe wannan, domin ba yunwa ce ta kai ni inda na je ba.

Kusa da ni akwai rumfar Dogo. Shi tsofaffin kaya yake sayarwa, yana bin gidaje yana sayen abin da mutane suka gaji da shi. Baƙi masu kyamara a wuya da masu manyan shagunan gilashi sukan wuce rumfata kamar ba kowa a ciki, su tsaya wajensa. Turmin da ya tsage, wanda ko kyauta matata ba za ta karɓa ba, sai su rungume shi su biya abin da ni ba na samu a wata guda.

“Mai Akushi,” in ji Dogo wata rana yana sakace, “kayanka sun cika ƙamshin sabo. Mutanen nan ba itace suke saya ba, tsufa suke saya.”

Sai na fara tsufar da kayana da kaina. Na rataye su a hayaƙi, na binne su a bayan gida, na jiƙa su da ruwan ganyen shayi, na goge su da man takalmi. Wata baƙuwa ta ɗauki akushina ta shinshina, ta fashe da dariya, ta nuna takalminta. Layi kaf ya ɗauka. Tun daga ranar aka daina ce mini Mai Akushi.

“Shushaina! Zo ka goge mini nawa!”

Har mai shayin bakin layi sai ya miƙo ƙafa in na zo wucewa. Nakan yi dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai.

Dogo ne ya ambaci wani boka, cikin wasa, sannan ya so ya mayar da maganar. “Akwai wani tsoho a bayan masu sayen tsofaffin ƙarafa. An ce shi kaya na tsufa a hannunsa. Ban ce ka je ba fa. Ni ko hanyar ba na bi.”

Washegari da tsakar rana na rufe rumfa na je.

Ɗakin yana ƙarshen wani lungu, bayan tarin matattun injuna. Ƙofar gajera ce, sai ka sunkuya. Rana na dukan kwano a waje, amma ciki akwai sanyi irin na rijiya. Ba ƙahoni, ba jan ƙyalle, ba irin abubuwan da ake faɗa. Kayan gida ne kawai, jibge har rufi: fasassun tukwane, tabarmi da suka zama zare, takalman yara ƙafa ɗaya-ɗaya, madubai da suka dushe. Komai ya tsufa. Warin wurin irin na akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba ne. A tsakiya akwai wani turmi a kife, an shafe shi da baƙin mai, ƙura ta kwanta a ko'ina amma ban da kansa.

Bokan yana zaune a gefen turmin. Na zaci zan ga tsoho tukuf. Gashinsa fari ne, amma fatar hannunsa sumul take kamar ta saurayi.

“Ɗan kasuwa,” ya ce, tun ban yi magana ba. “Warin man takalmi kake yi.”

Na durƙusa na faɗa masa buƙatata. Ya saurara yana shafa turmin.

“Abu mai sauƙi. Amma me za ka bayar?”

Nan halin kasuwa ya motsa mini. Na gyara zama kamar ina rumfata.

“Baba, mu yi ta a fili. Ban da jini.”

“Ba jini.”

“Ban da yanka, ko na kaza.”

“Wuƙa ba ta shigowa ɗakin nan.”

“Ba zan kawo maka gashin kowa ba, ko farce, ko tsumman jiki.”

“Ba na so.”

“Kuma raina da lafiyata, ba a taɓa su.”

Ya dube ni ya ɗan murmusa. “Kai kam ba abin da zai taɓa ka. Ka iya ciniki, ɗan kasuwa. Saura me?”

Na duba, ban ga saura ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na lissafa duk abin da ba zan bayar ba, amma ban tambayi abin da za a ɗauka ba. Ni da nake ce wa masu saye su juya kaya su duba gindinsa.

Ya ce in miƙo sabon akushin da na zo da shi. Ya ɗora shi a kan turmin, ya lakato baƙin man nan da ɗan yatsa, ya ɗiga a gindin akushin sau uku yana magana ƙasa-ƙasa. Man ya nutse cikin itacen bai bar tabo ba. Sannan ya cika mini wata 'yar kwalba.

“Ɗigo uku a gindin kowane kaya. Sai ka kai gida, wanda yake kwana ƙarƙashin rufinka ya yi amfani da shi kwana bakwai. Akushi a ci a ciki, kujera a zauna, mataji a taje. Ban da kai. Ran na takwas ka kai kasuwa.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“To ladanka fa?”

“Rabona yana iso ni da kansa.”

Inna na fara kai wa. Na ce mata, “Inna, ga sabon akushi, ki daina ci a robar nan.” Ta karɓa da hannu biyu tana sa mini albarka. “Allah ya yi maka arziki, ɗan nan. Abinci a itace ya fi daɗi.”

Ran na takwas na ɗauko shi daga ɗakinta. Ya yi baƙi, ya yi sheƙi, bakinsa ya cinye daidai inda hannu ke kamawa. Wani mai shagon gilashi ya gan shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya fito da ƙaramin madubi mai ƙara girman abu ya duba. Bai ko taya ba, abin da na faɗa ya biya. Dogo ya ɗauki akushin kafin a naɗe shi, ya jujjuya, ya ajiye a hankali, ya goge hannunsa a riga. Ya koma rumfarsa.

Cikin wata shida na haɗe rumfuna uku. Aka daina ce mini Shushaina, aka koma ranka ya daɗe. Na koyi shirya wa kowane kaya labari: wannan na wata tsohuwar ungozoma ne, wancan an gaje shi kaka da kakanni. Na sa fanka a rumfa, na sayi mota, na rushe ɗakin Inna na gina mata sabo mai tayil. Kowane mako ina kai mata sabon abu, tana murna tana cewa duk cikin 'ya'yanta ni ne mai tunawa da ita.

Inna mace ce mai ƙarfi, da ƙafarta take zuwa ko'ina. A wata shidan nan ta rankwafa, haƙoranta suka zube, idonta ya rufe. Ta rasu a kan wata kujera da na kai mata kwana biyar kafin nan. Mutane suka ce tsufa ne. Ni ma na ce tsufa ne. Amma bayan an dawo daga maƙabarta, ana zaman gaisuwa, na shiga ɗakinta na ɗauke kujerar na sa a but ɗin mota, don kada wani ya zauna ya ɓata aikin. A ranar na san na sani.

Da na tsaya a nan, da wataƙila ina iya ɗaga kai a cikin mutane. Ban tsaya ba. Na ce wa kaina Inna dama ta manyanta, mai ƙuruciya ba zai ji komai ba.

Matata ba ta kai arba'in ba. Na cika mata kicin da muciyoyi da ludaya da faifai, ina canza su duk mako.

“Baban Auta, wai ni kicin gare ni ko rumfa? Na fara sabawa da muciya sai ka ɗauke.”

“Gwaji ne. Masu saye sun fi son wanda hannu ya taɓa.”

“To a riƙa biyana ladan gwaji,” ta ce tana dariya.

Kafin shekara ta zagayo, furfura ta rufe mata kai. Gwiwoyinta suka kumbura. Muka zaga asibitoci, likita ya dubi katinta ya dube ta, ya tambaya ko katin 'yarta ta ɗauko. Daga nan sai mantuwa. Takan sa gishiri sau uku. Takan tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu ta rasa inda za ta. Wata rana da hantsi aka kamo ta a bakin titi ba mayafi, tana tambayar mutane hanyar gidan babanta, wanda ya rasu tun tana yarinya. Da na zo ta dube ni ta ce, “Bawan Allah, ka ga mijina? Wani mai sayar da ludayi ne, ba shi da komai amma yana da kirki.”

Na daina kai mata kaya. Na rantse na bari. Na ɓoye kwalbar a ƙarƙashin kujerar mota.

Sai mai shagon gilashin nan ya zo. Ya ce wata baƙuwa tana neman kayan yara na da, ita da abokan tafiyarta, kuma ba sa jayayya a kan farashi. Abu huɗu kacal: mataji, ɗan akushi, 'yar kujera, da 'yar tsana ta itace.

Na ce masa babu. Ya tafi. Na bi shi har bakin layi na ce ya dawo bayan kwana takwas.

Abin da na faɗa wa kaina shi ne, yarinya ce, shekarunta suna gaba da yawa, abu huɗu ba zai rage komai ba. Haka na auna 'yata kamar buhun da za a ɗiba a ciki ba a gane ba.

Auta ta yi tsalle da ta ga kayan. “Baba, duka nawa ne?”

“Naki ne.”

“Har 'yar tsanar? Ba za ka mayar kasuwa ba irin na Umma?”

“Ba zan mayar ba.”

Ta ɗinka wa 'yar tsanar riga da ƙyallen tsohon zanen uwarta. Tana goya ta, tana rungume ta a ƙirji ko'ina za ta. Ran na takwas, tana makaranta, na kwashe kayan. Na cire rigar na jefa a kwandon shara. Da ta dawo na ce ɓarawo ne ya shigo. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni kuma na zauna ina rarrashinta.

Matata ta rasu bayan wata biyu. Matan da suka yi mata wanka suka fito suna tambaya ko yayar Inna ce.

Ranar da aka share makoki, ƙanwata tana yi wa Auta kitso a tsakar gida, sai ta kira ni. “Yaya, zo ka gani.” Ta buɗe gashin da tsinke. Fari ne tas daga tushe. Auta ta ɗago ta yi mini murmushi, na ga dasashinta ya janye, haƙori biyu suna girgiɗi. Da za ta tashi sai da ta dafa bango, ta ce, “Wash, bayana,” da irin muryar Inna.

Na koma lungun nan a guje. Bokan yana nan inda na bar shi. Gashinsa ya yi baƙi sosai, ya ƙara cika.

“Ka cuce ni!” na ce.

“Da me? Na zubar da jini? Na taɓa lafiyarka? Dube ka, ko ciwon kai ba ka yi.”

“Ba ka gaya mini shekarunsu ake ɗiba ba.”

“Ba ka tambaya ba. Kuma ran da ka sa kujerar tsohuwarka a mota, me ya rage da ba ka sani ba?”

Na kwanta a ƙasa na kama ƙafarsa. Na ce ya karɓi rumfunan, da motar, da gidan, ya karɓi nawa shekarun.

“Naka ba sa cikin ciniki, kai ka cire su da bakinka. Abin da ya shigo hannuna ya shigo. Amma mafi yawa yana cikin kayan. Wanda ya mutu ya mutu. Mai rai kuwa, in ka mayar mata da abinta ta yi amfani da shi kwana bakwai, abin da ke ciki zai koma. Je ka yi sayayya, ɗan kasuwa. Ai ka iya ciniki.”

Haka na zama mai saye. Na sayar da rumfunan da motar, na shiga gari da ƙafa. Mai shagon gilashin ya ce baƙin sun ɗauki abin da suke so, sauran ya rarraba wa 'yan'uwansa masu shaguna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya: shagunan otal, masu shimfiɗa kaya a bakin titi, masu sayar da zane-zane da duwatsun wuya. Dogo ya rufe rumfarsa ya bi ni kwana da kwanaki, bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Matajin muka fara samu, a cikin tire ɗaya da tsofaffin makullai. Ɗan akushin yana wani gidan cin abinci, an rataye shi a bango don ado. 'Yar kujerar kuwa tana wani shago mai sanyi, a kan teburin gilashi, an haska mata fitila. Wata budurwa mai turare ta dubi silifas ɗina ta ce, “Baba, ba a taɓawa.”

“Saya zan yi, 'yata.”

“Wannan ba irin na kasuwa ba ne. Ta fi shekara ɗari. Wata yarinya ce ta gaje ta daga kakarta, ita ma daga tata kakar.”

Labarina ne, kalma da kalma, ni na shirya shi a rumfata ina shan shayi. Na tsaya ina saurare, kunya ta hana ni ɗaga ido. Ta faɗi farashi. Ni da ban taɓa sayen ko allura ban taya ba, na biya nan take.

Boka bai yi ƙarya ba. Auta ta taje kai kwana bakwai, baƙin gashi ya fara tsirowa. Ta ci a akushin, haƙoranta suka tsaya. Ta zauna a kujerar, bayanta ya miƙe. Kayan kuma suka koma farare, sababbi, kamar ranar da aka sassaƙa su.

Saura 'yar tsanar. Ita baƙuwar ta ɗauka da kanta, ta sa a jaka, ta hau jirgi. Mai shagon bai san sunanta ba, bai san ƙasarsu ba. Abin da ya tuna kawai, doguwa ce mai tabarau.

Auta yanzu shekararta goma sha ɗaya. Fuskarta ta yarinya ce. Amma hannayenta, da ta riƙa rungumar 'yar tsanar da su, sun yamutse, jijiyoyi sun fito, suna rawa in ta riƙe fensir. 'Yan ajinsu suna ce mata Kaka. In ta hau matakala uku sai ta tsaya ta dafe ƙirji. Likita ya ce zuciyarta irin ta tsofaffi ce, bai san dalili ba. Ni na sani.

Na sassaƙa mata wata 'yar tsanar da hannuna. Ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye a kan taga. “Baba, ka bar wahalar da kanka. Allah zai saka mini a kan ɓarawon nan.” Na ce amin. Me zan ce?

Yanzu a bakin layi nake shimfiɗa buhu, ina sayar da ludayi da muciya, sababbi, masu ƙamshin itace. Ga duk mai jin zafin arzikin maƙwabcinsa, ga abin da zan ce masa. Ba a ba ka komai a irin ɗakin nan sai an ɗauka a gidanka, kuma ba daga jikinka za a ɗauka ba, daga jikin wanda ya yarda da kai ne, wanda zai karɓa da hannu biyu yana sa maka albarka. Kada ka ce kai ka iya ciniki. Ni ma na iya.

Duk baƙuwar da ta shigo layin, in doguwa ce mai tabarau, nakan tashi in bi ta ina kwatanta 'yar tsana da hannu, har 'yan layi sun fara cewa na taɓu. Ban san ƙasar da 'yar tsanar take ba. Ban san shekara nawa ke cikinta ba, ko nawa suka rage wa Auta. Kuma ban san ko zan iya gaya mata wane ne ɓarawon ba.